Ɗigon Da Ke Ƙugun Don Telo

SHAFI NA 19

Na ga saƙonninku. Ba ɓuya na yi ba, wutar unguwarmu ce ta ƙi zama. Masu cewa Ercilia, matar Don Telo, waliyyiya ce da masu cewa akwai abin da take ɓoyewa, duk ku matso ku zauna. Yau za a yi ta.

*

Dakta Bencosme ta juyo da fuskar kwamfutar wajen dattijon da ake kira Don Telo.

"Don Telo, matso ka gani da idonka."

Bai matsa ba. Yana zaune ƙiƙam, hularsa a kan gwiwa, ya riƙe ta da hannu biyu. 'Yarsa Yudelka, wadda ta rufe shagonta na gyaran gashi a New York ta dawo don ta raka shi, ita ce ta miƙa wuya.

"Wannan ƙashin ƙugunka ne na hagu," in ji likitar. "Ka ga ɗigon nan mai haske?"

"Na gani. Shi ne?"

"Ban sani ba."

Telo ya dube ta. Yarinya ce, ba za ta girmi Yudelka ba. Ya yi wata dariya wadda ba ta da alaƙa da daɗi.

"Ba ki sani ba."

"Ban sani ba, Don Telo. Ba zan yi maka ƙarya ba."

"Kin sa na baro Hato Mayor ko kofi ban sha ba. An ɗura mini ruwa a jijiya. An cusa ni cikin bututu kamar rake a bakin inji, aka ce kada in motsa, kada in yi tari. Duk don in zo babban birni ki ce mini ba ki sani ba? Ai wannan amsar ko a kantin unguwarmu zan same ta kyauta."

"Baba," Yudelka ta taɓa hannunsa.

Ya janye hannun.

Likitar ba ta ji haushi ba. Ta saba.

"Bari in faɗa maka abin da na sani. Gwajin jininka yana hawa, kuma ba ya hawa a banza ga mutumin da aka yi wa aikin dajin mafitsara. Ciwon ya dawo. Yana wani wuri a jikinka. Abin da hoton ya kasa faɗa mini shi ne ko ɗigon nan shi ne ciwon, ko kuwa tabon tsohon rauni ne. Ka taɓa bugewa a nan?"

Ya shafa ƙugunsa.

"Ina saurayi na faɗo daga kan amalanken rake. Shanu suka zabura. Wata tsohuwa ce ta ɗaure ni da ganye, na yi wata ina ɗingishi."

"Ta hagu?"

"Wa ya sani? A lokacin ba a tambayar talaka hagu ko dama."

"To zai iya zama shi ne."

"Zai iya kuma zama ba shi ba ne."

"Haka ne."

"Idan tabon amalanke ne?"

"To ciwon bai kai ƙashi ba, muna da hanyoyi da yawa."

"Idan ba shi ba ne fa?"

Ta ɗan sauke murya.

"Sai mu riƙe shi iya yadda za mu iya."

Riƙewa. Ya san kalmar. Ita aka faɗa wa babansa, kuma shi ya ga yadda aka riƙe, shi ya ɗauki tsohon a hannu kamar ɗan akuya zuwa banɗaki.

"Wurin yana da wuyar kaiwa da allura a ɗebo a gwada," ta ci gaba. "Shawarata, mu sake hoto bayan wata uku. Idan ɗigon ya girma, mun san amsa. Kafin nan ina so ka fara wata allura. Tana kashe ƙarfin namiji a jiki, don da shi ciwon yake rayuwa."

"Wane ƙarfin?" Telo ya ɗaga gira. "Wanda abokin aikinki ya yanke ya jefa a bokiti shekara shida da suka wuce?"

"Haba Baba!"

"Ke rufe mini baki. Likita ce, ta ga abin da ya fi wannan."

Dakta Bencosme ta cire tabarau ta goge da gefen rigarta.

"Akwai tambayar da nake so in yi maka tun zuwanka na farko. Kada ka ɗauka faɗa nake yi. Me ya hana ka zuwa gashi bayan aikin?"

"Wane gashi?"

"Gashin da ake yi da na'ura. Jiya na yi magana da likitan da ya yi maka aikin, malamina ne. Ya tuna da kai. Ya ce gefen abin da ya cire bai fita da tsabta ba, ya yi zargin akwai saura. Ya ce a kawo ka gashi idan ka warke. Ba a kawo ka ba."

Telo ya ji kamar fankar ɗakin ta tsaya.

"Ni ce mini aka yi an cire duka."

"Wa ya ce maka?"

"Matata."

"Da ita ya yi maganar. Ya ce ita ta roƙe shi ya bari ta faɗa maka da kanta, idan ka samu ƙarfi."

Ya juya a hankali ya dubi Yudelka. Ya zaci zai ga mamaki a fuskarta. Ya zaci za ta miƙe ta ce ƙarya ne, uwarta ba za ta yi haka ba.

Yudelka farcenta take kallo.

Sai ya gane.

"Da an yi gashin," ya ce da likitar, idonsa na kan 'yarsa, "da bai dawo ba?"

"Ba zan iya cewa ba."

"Wannan ma ba ki sani ba."

"Wataƙila da ya taimaka. Wataƙila da ya dawo duk da haka."

Ya sa hularsa ya miƙe.

"Allah ya saka da alheri, Dakta. Kin yi karatu mai yawa."

*

Suka shiga motar haya. Direba ya saki kiɗa har gilashi na rawa, wata mata a baya tana faɗa da yaron mota a kan kajinta, rake yana ta wucewa ta taga. Yudelka ta sayo masa ruwan kwakwa, ya bar shi a hannunta har ya ɗumame.

Suna dab da shiga gari ta ce, "Baba, bara na sani. Wallahi bara."

"Bara."

"Mama ce ta kira ni tana kuka, lokacin da gwajin ya fara hawa."

"Kika yi me?"

"Na ce ta faɗa maka."

"Da ta ƙi fa? Wayarki ta faɗa ruwa? Ba ke kike kira na duk Lahadi kina cewa Baba sa mini albarka ba? Ina sa miki, ashe kina kallona kamar bijimin da aka riga aka yi cinikinsa."

Ta fashe da kuka. Ya mayar da fuskarsa taga.

Hanyar gidansu sai ta bi ta gaban kantin Nicanor, inda tsofaffin unguwa suke buga wasan domino a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Chepe ne ya fara hango shi.

"Telo! Ɗan birni! Me injin ya ce? Akwai sauran mai a tanki, ko sai turi?"

Aka kwashe da dariya. Kullum haka suke yi, kullum kuma Telo yana da amsar da za ta sa Chepe ya ƙware da giyarsa. Yau sai ya tsaya ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Chepe, kai da ka fi akuya yawan fitsari, yaushe za ka je a duba ka?"

"Ni? Ka ji mutum! Babu ɗan da uwarsa ta haifa da zai sa mini yatsa ta baya da sunan gwaji. Da mutuncina zan mutu."

"Za ka mutu kuwa."

Dariyar ta tsaya. Nicanor ya ajiye ƙwayar dominon da ke hannunsa.

"Abokina, lafiya? Zo ka zauna, ga kujerarka."

"Ku ma kun sani?"

"Mun san me?"

Ya kalli fuskokinsu. Ba su sani ba. Ko kuwa sun iya ƙarya kamar mutanen gidansa. Yanzu ba shi da hanyar bambancewa, wannan ya fi komai ci masa rai.

Ya wuce.

*

Matarsa Ercilia tana tsakar gida a kan ƙaramar kujera, tana feren ɗanyen agade a cikin roba. Wake yana kan wuta. Da ta ji ƙarar ƙofa sai ta ɗago da sauri, wuƙar na hannunta.

"Kun dawo? Me aka ce?"

Telo ya ja kujera ya zauna a gabanta, kusa ƙwarai, har gwiwarsa na taɓa robar.

"An ce ba a sani ba."

"Kamar yaya ba a sani ba?"

"Akwai ɗigo a ƙashina. Ko mutuwa ce, ko amalanke. Sai bayan wata uku."

Ta zana alamar gicciye a ƙirjinta.

"To mu gode wa Allah, ai ba a ce shi ne ba. Zan kunna kyandir a coci, zan yi alkawari..."

"Ercilia."

"Na'am."

"Da na dawo gida bayan aikin, me kika ce mini?"

Wuƙar ta tsaya a jikin agaden. Ta dubi Yudelka da ke tsaye a bakin ƙofa da jan ido. Ta mayar da kallonta kan robar.

"Tambayarki nake."

"Na ce an cire duka."

"Kika ce in yi me?"

"Ka gode wa Allah."

"Na kuwa gode. Na tafi har cocin Higüey, na durƙusa a gaban Uwargida Maryamu da wannan gwiwar, na yi kuka a gaban mutane. Kina gefena kina riƙe mini hula. Kina jin ina godiya a kan abin da ba a yi mini ba."

Ta ci gaba da kallon robar.

"Likitan ya ce a kai ni gashi?"

"Ya ce."

"Ya ce akwai saura?"

"Ya ce wataƙila."

"Wataƙila!" Ya doki robar da ƙafa, agaden ya watse a ƙasa. "Kowa wataƙila! Likita wataƙila, na'ura wataƙila, matata wataƙila! Jikin wa? Jikinki ne? Ƙashinki ne yake haske a hoto?"

"Baba, maƙwabta..."

"Su ji! Su zo su ga matar kirki, mai zuwa coci da sassafe! Ercilia, me na yi miki? Faɗa mini. Kin gaji da ni ne? Kin ga an mayar da ni abin da aka mayar da ni, kika ce bari ya ƙarasa in huta?"

Ercilia ta ajiye wuƙar a hankali a kan dutse. Ta goge hannunta a jikin zanen da ta ɗaura a kan riga. Da ta ɗago, babu hawaye a idonta. Shi ya sa ya ɗan ja baya. Ya san kukanta, ya san yadda ake bi da shi. Wannan fuskar bai san ta ba.

"Ka gama, Eleuterio?"

Rabon da ta kira cikakken sunansa tun rasuwar uwarsa.

"Ban gama ba."

"To ajiye sauran. Yau ni ma zan yi magana. Yudelka, kashe wutar waken nan."

Yudelka ba ta motsa ba.

"In huta, ka ce? Wa yake wanke wandunanka tun daga ranar? Wa yake shanya su a cikin ɗaki don kada matar Nicanor ta leƙo ta ƙirga? Wa ya ɗinka maka ƙyallen da kake sawa, don ka ce ka fi ƙarfin a gan ka kana sayen na kanti? Idan hutu nake so ai na san hanyar gidan ƙanwata."

"Ban tambaye ki wanki ba. Me ya sa kika ɓoye mini?"

"Don na buɗe akwatin kayan aikinka."

Ya kawar da ido.

"Ka tuna? Sati biyu da dawowarka gida, robar fitsari na rataye a cinyarka. Famfo ya lalace, na je neman sifana. Me na gani a ƙarƙashin tsumma?"

"Ban san me kike faɗa ba."

"Ka sani. Gwangwanin maganin ɓera. Sabo fil, ba a buɗe ba. Mu da muke da kyanwa biyu."

Yudelka ta dafe baki.

"Mama..."

"Wannan ban faɗa miki ba, 'yata. Ki ji yau." Ta juyo gare shi. "Kuma me ka ce wa ƙanenka Fausto a nan, a wajen nan da kake zaune, kana tsammanin ina kasuwa? Ka ce, Fausto, idan suka ce mini akwai saura, ba zan bi hanyar Baba ba. Ba wanda zai ɗauke ni zuwa banɗaki. Na san abin da zan yi. Ƙarya nake?"

Telo ya kalli ƙasa. Agaden da aka fere ya fara baƙi a cikin turɓaya.

"Magana ce ta mai ciwo."

"Magana ba ta zuwa kanti ta sayo gwangwani."

"Da ban sha ba."

"Wataƙila," in ji Ercilia. "Ka ga ni ma da wataƙila aka bar ni. Likita ya ce wataƙila akwai saura, wataƙila babu. Gwangwani kuwa ga shi a hannuna, ina jin nauyinsa. Sai na zaɓi wanda nake gani."

"Ba ke ce mai zaɓa ba."

"To wa? Kai? Kai da ba ka iya kallon madubi? Kai da ka juya fuska ga bango ka daina cin abinci?"

"Sai ki jira in warke ki faɗa mini!"

"Na jira! Na jira ka warke, Telo. Yaushe ka warke? Nuna mini ranar. Wata ya wuce na ce bari ya ƙara ƙarfi. Shekara ta wuce na ce bari a yi bikin Yudelka. Aka yi, na gan ka kana rawa da ita, na ce ba yau ba. Gwaji yana fita da kyau, na ce ashe babu saura, Allah ya rufa mini asiri. Sai bara."

"Sai bara kika kira New York. Ni da nake kwana a ɗaki ɗaya da ke ba ki gan ni ba."

Ta yi dariya, gajeriya, mai ɗaci.

"Ɗaki ɗaya? Kai da ka sa Fausto ya kawo maka ƙaramin gado? Na taɓa tambayarka wani abu? Na taɓa cewa ka rage ni da komai? Hannu kawai na ɗora maka a kafaɗa, ka ce in daina yi maka ba'a. Mai kawo gas ya gaishe ni, ka ce in bi shi tunda shi namiji ne. A gaban jikarka ka faɗa. Na yi kwalliya zuwa coci, ka ce wa nake yi wa. Na daina kwalliya, ka ce na zama kamar mai takaba, ko na ƙosa ne."

"Ercilia..."

"A'a, bari in ƙarasa. Kai aka yanka, na sani. Amma ba kai kaɗai ka yi jinyar ba. Kai kana da kantin Nicanor, ka je ka yi dariya ka dawo ka sauke mini sauran. Ni ina da wa? Ga abin da na haɗiye yana ci na, ga bakinka. Duk ranar da ka ce bayanka na ciwo sai in kwana ban runtsa ba. Duk tarin da ka yi sai in ce shi ke nan, na kashe shi."

Ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa, wani abu mai kama da tausayi. Bai so shi ba. Ya taka shi. Idan ya bari ya tausaya mata, to wa zai riƙe? Ɗigon ba shi da fuska. Likita ba ta sani ba. Allah ba ya amsawa. Ita kaɗai ce a gabansa.

"Duk wannan bai ba ki iko ba," ya ce. "Shekara shida. Nawa ne. Da na sani, ko na je gashin ko ban je ba, ni na zaɓa. Ko gwangwanin na sha, raina ne. Kin sace mini, Ercilia. Kin mayar da ni yaro a gidana. Kina ba ni abinci, kina shafa mini kai, kina yanke mini hukunci a bayan idona."

"Na bar ka da rai."

"Kin bar ni da ɗigo a ƙashi."

Wannan ta shige ta. Ya ga ta shige ta, kuma ya ji daɗin da ya ba shi kunya.

"Baba, don Allah ya isa," Yudelka ta shigo tsakaninsu. "Abin da ya wuce ya wuce. Likita ta ce a fara allura. Mu yi maganar allura."

"Babu allurar da zan yi."

"Baba!"

"Babu hoton da zan koma. Su riƙe bututunsu. Wata uku in zauna ina jiran ɗigo ya yanke shawara? In kwanta da shi in tashi da shi? A ƙara cire mini ɗan abin da ya rage, in fara zufa kamar mace mai barin haila, Chepe ya samu sabon abin dariya? Na ƙi. Wannan karon ni zan zaɓa."

"Zaɓi kake so?" in ji Ercilia.

"Shi kika hana ni."

Ta miƙe. Gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta shiga ɗaki ba tare da ta dubi kowa ba. Suna jin ta tana jan kujera, tana hawa, tana motsa kaya a saman kabad inda take ajiye kwanukan biki da ba a taɓawa.

Yudelka ta dubi ubanta.

"Me za ta ɗauko?"

Ya zuba wa ƙofar ɗakin ido.

Ercilia ta fito da wani abu a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Ta ajiye a kan teburin da suke cin abinci, ta kwance ƙullin.

Gwangwanin ne. Ya yi tsatsa a gefe, takardar jikinsa ta koɗe, amma ya gane shi.

"Mama, kin haukace?" Yudelka ta yi wajen teburin. Ercilia ta tare ta da hannu ɗaya.

"Tsaya. Ubanki ya ce na sace masa. Ga kayansa na dawo masa da shi."

"Ba ki zubar ba," in ji Telo. Muryarsa ta fita ƙasa-ƙasa.

"Ban zubar ba."

"Me ya sa?"

"Ga shi nan dai. Ka ce ranka ne. Ka ce ba ka son allura, ba ka son hoto, ba ka son jira. To mene ne bambancin? Wancan a hankali, wannan da sauri. Amma wannan karon ba a ɓoye cikin akwati ba. A gabana za ka zaɓa, a gaban 'yarka, kana kallon idonmu."

"Mama, don girman Allah!"

Telo ya tashi. Ƙugunsa ya ɗan soke shi, bai sani ba ko ciwo ne ko tsoro, yanzu komai na jikinsa tambaya ne. Ya isa teburin. Ba sha zai yi ba, ya san haka tun kafin ya miƙa hannu, kuma sanin ya ba shi haushi, don yana nufin matar nan ta fi shi sanin kansa ko kuwa ba ta san shi ba sam. Niyyarsa ya ɗauka ya wurga shi bayan katanga, ya nuna mata.

Ya ɗaga gwangwanin.

Sai ya tsaya.

Ya girgiza shi kusa da kunnensa. Ya juya shi. Murfin ba a liƙe yake ba, an taɓa ɓalle shi da bakin wuƙa. Ya sa farce ya buɗe, ya leƙa.

Ya daɗe yana kallon ciki.

"Ercilia."

Ta sunkuyar da kai.

"A cike na sayo shi. Ban taɓa buɗewa ba. Ke da bakinki kika ce sabo fil."

Ya nuna mata cikin gwangwanin.

"Ina rabin?"

Yudelka ta juya ta dubi uwarta. Ercilia ta koma ta zauna a ƙaramar kujerarta, ta sunkuya ta fara tsince agaden daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, tana karkaɗe turɓayar tana mayarwa cikin roba.

"Da ke nake! Ina rabin?"

Ba ta ɗago ba.

"Ka tuna bara," ta ce, "da Fausto ya ɗauke ni a guje zuwa asibiti, aka ce maka zazzaɓin sauro ne?"